Ɗan Dakon Kawu Sule

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Sule, ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe yana aikin direba a wani ofishin jakadanci a nan Riyadh. A Funtuwa aka binne shi, ban taɓa ganin kabarinsa ba. Abin da nake gani kullum shi ne wani tsohon gwangwanin madarar gari, fentinsa ya koɗe, yana zaune a kan kantata tsakanin ƙamus da littattafan lissafi. Al'ada ce Kawu ya bar mana a cikinsa. Juma'ar da ta wuce saura kaɗan a binne al'adar ita ma, kuma a hannuna hukuncin ya faɗo. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban saba buɗe baki a gaban mutum fiye da uku ba.

Aikin direba rabinsa jira ne. A Unguwar Ofisoshin Jakadanci, idan maigidansa ya shiga taro, Kawu kan raɓe a ɗakin masu gadi yana shan iskar na'ura. A talabijin ɗinsu ya fara ganin ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma a hannu a ruga da ita. Ya ce da farko ya zaci faɗa ne aka rasa mai raba shi. Daga baya wasan ya kama shi. Yakan ba ni labarin wani wasa da aka yi dusar ƙanƙara na sauka kamar ana tankaɗe gari, numfashin 'yan wasa na fita fari, shi kuwa yana zaune a tsakiyar hamada, rigarsa jiƙe da gumi. Ya ce da ya fito ya kama sitiyari, ya ji sanyi a tafin hannunsa. Ban taɓa musa masa wannan ba.

Turancinsa bai kai ya kawo ba, don haka ya raɗa wa 'yan wasan sunaye. Wanda ke tsayawa a baya, ya karanta fili, ya ba da umarni, ya jefa ƙwallo, wanda su ke kira kwatabak, Kawu ya sa masa madugu. Wanda ake danƙa wa ƙwallo a ciki ya kutsa cikin ƙattai, a kayar da shi, ya tashi, a sake danƙa masa, shi ne ɗan dako. Har yau da waɗannan sunayen nake tunani, ko da a cikin littafi na gamu da su.

Sau ɗaya a shekara ƙungiyoyin kan zauna su zaɓi matasan da suka fito daga jami'o'i, bi da bi, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi bara ita ke fara ɗauka. Wannan tsari ya fi wasan kansa burge Kawu. Yakan ce bai taɓa jin wata kasuwa da na baya ke fara ɗiba ba. Tambayar da masana ke ta gardama a kai kuwa ɗaya ce: idan zaɓin farko ya zo hannunka, madugu za ka ɗauka ko ɗan dako? Galibi madugu suke cewa. Shi ke daɗewa a fili, samun nagari da wuya, kuma ayari duk a kansa yake tafiya.

Daga nan Kawu ya tsiro da zaman gwangwani. Lokacin da ake zaɓen a can, mu nan muna barci, saboda haka daga yammacin Alhamis kowa zai kame idonsa daga labarai. Amana ce, ba mai bincikar wani. Bayan sallar Juma'a sai a hallara, kowa ya faɗi sunan matashi ɗaya, ya rubuta a takarda, ya jefa a gwangwani don kada a yi musu daga baya. Sannan a kunna hoton zaɓen da aka naɗa. Wanda aka kira nasa daga ƙarshe, ko ba a kira shi ba sam a ranar, shi ya faɗi. Mai faɗuwa shi ke tafiya da gwangwani. Shi zai karɓi baƙi baɗi, ya dafa shinkafa, ya wanke kofuna, shi kuma zai fara zaɓe. Doka ta ƙarshe ita ce, ba a ƙin amsa kiran mai gwangwani.

Kawu ke fara zaɓe kowace shekara, domin kowace shekara shi ke faɗuwa. Duk madugan duniya na shimfiɗe a gabansa, sai ya tsallake su ya ambaci wani ɗan dako. Ɗakinsa na saman wani bene ne a unguwar Al-Naseem, kusa da tankunan ruwa, inda tantabaru ke sauka. Mutum goma kan cushe a ciki, gwiwa na gugar gwiwa. Akwai Dokta Aminu, likitan yara, Bakano mai son gardama. Akwai Baba Issufu, mutumin Maraɗi, mai ban ruwan itatuwa a unguwar da Kawu ke aiki. Akwai injiniyoyi da ma'aikatan jinya. Ni ina lungu da littafina.

"Sule, ka sake?" in ji Dokta. "Wallahi da asibiti ne da na rubuta maka magani."

"Kai dai Bakano ne, ba ka taɓa abin da ba riba. Yalla, jefa takardarka, shayi na hucewa."

"To me ka gani a jikin yaron nan?"

"Na ga yadda yake tashi. Mutum huɗu suka danne shi, ya miƙe, ya miƙa wa alƙali ƙwallo da hannu biyu kamar mai ba surukinsa goro."

A nan Riyadh na girma, Larabcina ya fi Hausata ƙwari a lokacin, don haka na fi yarda da takarda fiye da bakina. Kawu na kirana Ustaz. Ina shekara goma sha biyar na ƙudura zan cece shi daga faɗuwa. Na yi watanni ina bin zaɓukan baya, ina rubuta wa aka ɗauka, yaushe, ya yi shekara nawa kafin jikinsa ya gaza. Na ja layuka da jan biro da shuɗi. Ranar zaman, da aka ce Kawu ya fara, sai na ɗaga hannu kamar a aji, na karanta musu sakamakona. Da na ga suna saurare, daɗi ya ɗebe ni, na rufe da maganar da ba ta cikin littafin.

"Kawu, ɗan dako ba a sayensa da tsada. Shekara kaɗan gwiwarsa ta tafi. In ya gaji, akwai wani sabo a baya yana jira."

Ba wanda ya yi dariya. Baba Issufu ya sunkuyar da kai yana juya kofinsa. Na ji ƙarar fukafukan tantabaru a waje. Kawu ya karɓi littafin, ya bi layukan da yatsa a hankali, duk da na san ba ya karanta rubutuna na Larabci.

"Aikinka ya yi kyau, Ustaz," ya ce. "Gaskiya ka faɗa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Ya mayar mini da littafin, ya ambaci sunan wani ɗan dako, ya jefa a gwangwani.

Sai a mota, kan hanyarmu ta komawa unguwarmu Al-Badi'a, Dokta ya gaya mini abin da kowa ya sani ban da ni. A makon nan aka shaida wa Kawu ba za a sabunta kwantiraginsa ba. Bayansa ya fara ciwo, ba ya jure doguwar tafiya. An riga an kawo wani saurayi, kuma Kawu ne ke zagawa da shi yana nuna masa hanyoyi. Magana zarar bunu ce. Na yi ta shirya kalmomin ban haƙuri, da Larabci, da Hausa, na rubuta na goge. Kafin in zaɓi wadda ta dace iƙamarsa, wato izinin zamansa a ƙasar, ta ƙare, ya bar gwangwanin a hannun Baba Issufu, ya tafi gida. Bai kai zaman shekara mai zuwa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Da safe ina shiga jirgin ƙasan da ke ratsa birnin nan, wanda ba shi da direba ko ɗaya. Nakan tsaya a gaba, inda ya kamata matuƙi ya zauna, in ga dogo na shigewa ƙarƙashina, gine-gine na iyo cikin hasken rana. Wani lokaci sai in ga kamar yana tsaye kusa da ni, hannu a baya, yana neman wanda zai yi wa sannu da aiki. Ina jin zai yi dariya ya ce ashe har madugun ma an sallame shi. A wasan kuwa, abin da littafina ya faɗa bai canza ba. Madugai ake rububi, 'yan dako na jiran a waiwaye su. Nakan so ya ga cewa lissafina bai yi ƙarya ba, sai kuma in ji kunyar wannan son.

Zaman ya ci gaba bayansa, amma ya rame. Kowa ya koyi zaɓe da wayo, domin ba mai son ɗawainiyar baƙi. Gwangwani ya yi ta yawo daga gida zuwa gida kamar baƙon da aka gaji da shi. Wasu sun koma Najeriya, wasu aiki ya kai su wasu garuruwa. Bara ya faɗo hannuna bisa tsautsayi, madugun da na zaɓa ya ji rauni, ƙungiyoyi suka yi ta tsallake shi. Shi ya sa bana a falon mahaifiyata aka zauna. Mu huɗu ne: ni, Dokta, Baba Issufu, da wani injiniya da ya zo yana duba agogo.

Kafin a fara, Dokta ya ajiye kofinsa. "Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Mai abin ya tafi. Duk wanda ya faɗi yau, ya ajiye gwangwanin nan abin tunawa, halas, shi ke nan. Ni dai in ya zo hannuna ba zan kira kowa ba." Injiniya ya ce shi ma haka. Baba Issufu ya ce ɗakinsu yanzu su shida ne, ba inda zai sa baƙo.

Sannan suka juyo gare ni, domin ni ke fara zaɓe. Littafina na kan cinyata, na bakwai a jerin irinsa. A shafin farko na ja layi biyu ƙarƙashin sunan wani madugu da kowa ya san shi za a fara kira. In na ambace shi na ci, gwangwani ya tafi gidan da ba za a sake buɗe shi ba. Na dubi sunan, sai ɗakin saman benen nan ya dawo mini: takalma goma a bakin ƙofa, na likita a kan na mai ban ruwa, tururin shinkafa, Kawu na ratsa mu da buta yana cewa a ɗaga ƙafa. Shekara da shekaru ina lissafin abin da yake asara. Ban taɓa buɗe shafi ga abin da faɗuwar ke kawo masa har ƙofar ɗaki ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Na juya zuwa shafukan baya, na ambaci wani ɗan dako da na taɓa gani an danne shi ya tashi yana gyara wa abokin karawarsa hula.

"Ustaz," in ji Dokta, rabon da a kira ni haka tun Kawu. "Kai da littafi? Ka san ba za a kira yaron nan yau ba."

"Na sani, Baba Dokta."

"Ciwon gado ne," in ji Baba Issufu, yana share ido da gefen rawaninsa. "Likita, ba ka da maganinsa."

Muka kunna hoton. Aka kira madugun Dokta, ya hau dandamali yana rungumar mahaifiyarsa. Aka kira na injiniya, aka kira na Baba Issufu. Rana ta sauko ta labule, ta kwanta a kan darduma, ta hau bango. Har aka rufe zaɓen ranar ba a ambaci nawa ba. Na yi tunanin yaron a wani falo mai nisa, cikin sabuwar riga, waya a hannu, yana jira kamar direba a ƙofar taro.

Ban sani ba ko da gangan Kawu yake faɗuwa don mu zo, ko kuwa tsakani da Allah yake ganin ɗan dako ya cancanci a fara kiransa ko sau ɗaya. Wataƙila shi kansa bai raba biyun ba. Bai bar gida ba, bai bar mota ba, ko hotonsa mai kyau guda biyu ne kawai a wurin mahaifiyata. Haƙurin da ban ba shi ba yana nan inda na bar shi, ba kuma wanda zai karɓa a madadinsa. Abin da ya saura shi ne sunaye biyu da ya raɗa, da doka ɗaya da ba a taɓa karyawa ba, da abin da Hausawa suka daɗe da faɗa, cewa zumunci a ƙafa yake. Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya sa ya huta daga jira.

Da za su tafi, Dokta ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa. Ya dubi gwangwanin a hannuna, ya girgiza kai.

"Baɗi ka rage gishiri a shinkafar nan," ya ce.