Akuyar Malam Bulus

Duk wanda ya san kasuwar Tarauni ya san teburin Malam Habibu mahauci, idan ma bai san teburin ba, to ya san muryar mai shi. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, mai saurin hannu da saurin baki. Zai yanka maka nama yana yi maka tsiya, ka tafi kana dariya, sai ka isa gida ka tarar ya haɗa ka da ƙashi. Tun yana saurayi ya gaji wuƙa daga mahaifinsa, bai kuma taɓa sha'awar wata sana'a ba. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, a gidansa na Gyadi-Gyadi awaki sun cika tsakar gida, suna cin shanya suna kifar da tukwane, amma ko ɗaya bai taɓa ɗora wa wuƙa ba.

Asalin awakin nan daga gidan maƙwabcinsa ne, Malam Bulus, malamin firamare mutumin kudancin Kaduna. Shi da matarsa Tabita, wadda take aikin nas, suka kama hayar gidan da ya haɗa katanga da na Habibu. A Disambarsu ta farko, ana gobe Kirsimeti, Malam Bulus ya yi sallama a ƙofar gida.

"Malam Habibu, na sayi akuyar biki. Ina so ka zo ka yanka mana."

"Kai ba ka da wuƙa ne?"

"Ina da ita. Amma idan ni na yanka, iyalinka ba za su ci ba."

Habibu ya fasa tsiyar da ya saba. Ya koma ciki ya ɗauko wuƙa.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Kowace shekara da hantsi Habibu zai shiga ya yi bisimilla ya yanka, ya feɗe, ya sassara, Malam Bulus na riƙe masa ƙafa yana ba shi umarnin da ba ya bukata. Washegari kwanukan shinkafa su bi layi gida-gida. Da Babbar Sallah kuma cinyar rago ta tsallaka katanga.

Ba wai bakinsu ya zo ɗaya ba ne, musu kam sun sha shi. Malam Bulus ɗan makarantar mishan ne, ya yi imani har zuciyarsa cewa asibiti da karatun 'ya'ya mata da girmama lokaci duk ta hannun mishan suka shigo ƙasar nan. Habibu yakan ce masa, "Malam, Kano na rubutu da karatu tun kakanka bai san allo ba." Malam Bulus ya yi dariya har ya cire tabarau ya goge ido, ya ce ya yarda, amma a nuna masa 'yar mahaucin da ta zama likita. Haka za su yi ta yi har a kira magariba, Malam Bulus da kansa zai ce, "Tashi, kada ka rasa jam'i."

A kan Naja'atu ne, babbar 'yar Habibu, musun ya daina zama wasa. Da ta gama firamare, uban yana ganin karatun ya isa haka. Malam Bulus ya hana shi sakat. Ya ce abin da aka koya masa tun yana yaro shi ne Allah bai rage wa 'ya mace komai a ƙwaƙwalwa ba. Tabita kuwa ba ta yi dogon bayani ba, jan yarinyar ta yi a jiki. Ta koya mata wanke ciwo, ta koya mata cewa mara lafiya ba a tambayar addininsa kafin a taɓa shi, yadda ita ma aka koya mata a asibitin mishan na garinsu. Habibu ya yi ta gunaguni, daga baya ya sakar musu. Yau Naja'atu nas ce a asibitin koyarwa, kuma babu mai sayen nama da bai ji wannan labari daga bakin ubanta ba.

Shekarar da aka sa ranar auren Naja'atu, saura 'yan kwanaki Kirsimeti, uban angon, wani Alhaji Sani, ya tsaya a teburin Habibu. Cikin raha, a gaban mahauta da masu ciniki, ya ce, "Ashe surukin nawa shi ne limamin Kirsimeti na Gyadi-Gyadi?" Aka kwashe da dariya. Habibu, wanda ya shekara da shekaru yana yi wa mutane tsiya, ashe shi ba ya iya ɗauka. Maganar ta tsaya masa a rai. Ya riƙa ganin kamar auren 'yarsa ne zai lalace a kan akuya.

Ranar yankan, tun da sassafe ya sulale ta bayan layi ya tafi kasuwa. Da ya dawo da yamma, ya ji kukan akuyar ta bayan katanga. Washegari kwanon Tabita ya shigo kamar kullum, shinkafa da miya mai kyau, babu ko tsoka ɗaya a ciki. Yara suka cinye, shi ko loma bai iya kaiwa baki ba.

Da Malam Bulus ya yi fushi, da abin ya zo da sauƙi, don Habibu ya iya faɗa ya kuma iya shiri. Amma mutumin nan ko a fuska bai nuna ba. Gaisuwarsa ba ta canza ba, bai taɓa tambayar dalili ba. Da bikin Naja'atu ya zo, Tabita ce a bakin murhu tun safe. Shi kuwa Alhaji Sani, ya ma manta ya taɓa yin maganar. Kunya ta sa Habibu ya fara sauya hanya idan ya hango tabarau a bakin layi. Ya riƙa ce wa kansa Disamba na zuwa, zai shiga da wuƙarsa kamar ba a yi komai ba.

Da damina hawan jini ya kayar da Malam Bulus, aka kwantar da shi a ɗakin da Naja'atu take aiki. Ita ta riƙa juya shi tana ba shi abinci a baki.

"Baba, Malam yana ta tambayarka," ta ce da uban.

"Gobe in sha Allahu."

Goben nan ya yi ta maimaita ta, alhali daga gidansa zuwa asibitin ko Adaidaita Sahu ba ya bukata. Ranar da ya sa babbar riga zai tafi, a ƙofar gida ya haɗu da Naja'atu, idonta ya yi ja. Malam Bulus ya rasu, aka kai gawarsa garinsu.

Da Tabita ta gama haɗa kaya za ta koma gida gaba ɗaya, ta yi sallama riƙe da igiya, akuyar na biye da ita, ta yi ƙiba.

"Baban Naja'atu, ga ajiyarka. Ya hana a sayar, ya hana kowa ya yanka. Cewa ya yi aiki ne ya riƙe ka, duk ranar da ka samu sarari za ka zo."

Habibu ya karɓi igiyar. Ya ja akuyar zuwa tsakar gida ya ɗaure ta.

Akuyar ta yi ta haihuwa, 'ya'yanta ma suka haihu. Bara tsufa ya kwantar da ita, ta miƙe ƙafafu tana numfashi sama-sama. Matar Habibu ta kawo masa wuƙa da sauri, ta ce ya yi maza kada ta zama mushe, a gidan mahauci abin kunya ne. Ya karɓa, ya tsuguna, ya dafa wuyan akuyar daidai inda ya saba dafawa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ajiye wuƙar a ƙasa.

"Lokacin da mai ita yake jirana ban je ba," ya ce. "Yanzu in yanka wa ya ci?"

Yana tsugune a wurin har ta daina motsi.