Ranar da Aka Naɗa wa Gwaggo Amawali

Wata Asabar ce da hantsi, a bazarar shekarar da na shiga aji huɗu a lakkol, makarantar bokon garinmu Affala, na fara sanin cewa mota tana numfashi. Na dawo daga rijiya da tulu a kaina, na tarar Baba ya ɗaga murfin injin motarsa a ƙarƙashin aduwar ƙofar gidanmu, ya ciro wata baƙar tukunyar ƙarfe yana leƙa cikinta kamar mai duba miya. Na sauke tulun na matso. A gindin tukunyar akwai wani taɓo mai kauri, baƙin mai ya haɗu da rairayi ya zama kamar kwaɓin gini. Na tsoma yatsa na murza, na ji tsakuwa-tsakuwa. Baba ya ce wannan duka abin da Gwaggo za ta haɗiye ne a tafiyar mako guda da ba a tare mata shi ba. Gwaggo shi ne sunan motar, tsohuwar katkat ce, irin motar jejin nan mai ja da ƙafa huɗu, mai launin ƙasa da ya saya bayan ta gama wahala a hannun masu haƙa rijiyoyi, kuma da ita yake kai mutane da buhuna kasuwar Tawa. Da ya ga ban yarda ba, sai ya tayar da injin, ya kama hannuna ya kai shi bakin bututun da ke shiga ciki. Wani abu ya ja tafin hannuna da ƙarfi har na yi ƙara. Ya yi dariya ya ce, "Kin jiya, ɗiyata? Ita ma da iska taka rayuwa, kamar ke."

Daga ranar nan wankin tukunyar ya shiga cikin ayyukana na Asabar, tsakanin ɗebo ruwa da surfe da kai awaki bakin garke. Ba wanda ya ɗora mini, ni na roƙa, domin yayyena maza sun fi son riƙe sitiyari da danna oda. Aikin yana da tsari. A cikin tukunyar akwai wani curin waya mai kama da soson ƙarfe, shi nake jiƙawa a kananzir in girgiza har ya daina fitar da baƙi, in shanya a kan danga. Sai in kwashe taɓon gindin da sakaina, in goge, Baba ya zuba sabon mai daidai wani zane da ke jikinta. Tsohon man kuwa ba a zubar da shi, Inna tana shafa wa azarar rumbu da turakun zaure saboda gara. Abin da ya hana ni sukuni shi ne yadda iska take shiga ta bugi man, ta bar ƙurarta a can, ta wuce ita kaɗai. Na gwada da kara da ƙoƙon ruwa ina hurawa, na gwada da garin gero a kan faifai. A filin lakkol, lokacin da sauran yara suke ƙera motocin karan dawa da tayoyin ƙwallon goruba, ni sai na ɗaura wa tawa gwangwanin tumatir a gaba, ana tambayata mene ne, ina cewa hancinta ne. Inna takan kalle ni ina murza taɓo ta girgiza kai, ta koma kan rariyarta tana cewa, "In idonta ya cika ƙanƙanta gari ba ya wucewa, in ya cika faɗi tsaki ka wucewa."

Haka muka yi shekara biyu, har na kai ajin ƙarshe. A lokacin ba a rubuta jarrabawar satifika a garinmu, sai an je Tawa, kuma wanda bai zauna a kan bencinsa da safiyar ranar ba ya rasa shekarar gaba ɗaya. Gare ni abin ya fi haka nauyi. Ƙannena sun yi yawa, Inna tana bukatar hannu, kuma an riga an yi magana a gida cikin lumana cewa wannan karon ne nawa: in na ci in wuce kwaleji, in ban samu ba in zauna in taimaka. Ban ji haushin kowa ba, haka gidaje da yawa suke yi. Baba ya yi wa mushenmu, wato malamin ajinmu, alkawarin cewa Gwaggo za ta kai mu duka ana gobe jarrabawa. Sai ga shi a makon tafiyar, ina cikin gogewa, yatsana ya huda gindin tukunyar. Tsatsa ta daɗe tana cin ta daga waje, taɓon ne kawai yake toshe ramin. Muka liƙa da ƙaro, muka liƙa da sabulu, da injin ya yi zafi man ya tsiyaye ƙasa. Mai walda yana Tawa. An ce akwai wata sabuwar matata ta takarda mai ninki-ninki da ake sawa a maimakon tukunya, amma sai an aika garin Kwanni, kuma Baba bai yarda da abin da ba a wankewa ba. Tuƙa ta haka baki buɗe a kan hanyar rairayi kuwa, ya ce daidai yake da ba ta yashi a cokali.

Ana cikin wannan sai Kawu Agali ya iso. Makiyayi ne daga arewa, abokin Baba tun suna samari, a zaurenmu yake sauka duk lokacin da ya kawo raƙuma kasuwa, kuma a bakinsa na tsinci Tamashek ɗina na farko. Ban taɓa ganin bakinsa ba, kullum amawali yana rufe da shi, ko shayi ta ƙarƙashinsa yake kurɓa. Ya zagaya motar, ya saurari bayanin, ya ce wa Baba, "Kai Ba'adare, ka tsufa kana tuƙi ba ka san maganin ƙura ba? Mu da munka tashi cikinta, mi muka yi wa bakinmu?" Baba ya ce, "To mai raƙumi, zo ka naɗa mata." Da wasa aka fara, amma sai Kawu Agali ya buɗe jakarsa ta fata ya ciro rawaninsa na biki, turkuɗi mai walƙiya da bai ɗaura sai ranar salla, ya sa wuƙa ya yanko wajen kamu uku. Kowa ya san ba ƙaramar kyauta ba ce. Ya naɗa shi a bakin bututun yadda ake naɗa wa babban mutum, ninki a kan ninki, yana ja yana daidaitawa. Baba ya ce ko ninki biyu sun isa, Kawu Agali ya ce, "Gwaggo tsohuwa ce mai daraja, ba a yi mata naɗin yaro." Ni na riƙe masa bakin ƙyallen, shuni ya rine mini yatsu. Na kara shi a bakina na ja numfashi, na ji da ƙyar iska take ratsowa, amma na ɗauka mota ta fi ni ƙarfin huhu.

Bayan azahar muka tashi, mu 'yan aji a baya da ƙullin tufafinmu da goran hura, mushe da Kawu Agali a gaba. Da farko Gwaggo ta yi tafiyarta, sai dai muryarta ta canja, ta koma kamar mai mura. Da muka fara hawan jigawa ta shiga fitar da baƙin hayaƙi, tana ja tana saki, Baba yana taka ta tana nishi. A kan wani tudu ta yi tari ta mutu. Ya ɗaga murfi muka kewaye shi. Ƙyallen ya lotsa cikin bututun kamar kumatun tsoho, ƙura ta liƙe 'yan kafofin da suka rage. Baba ya kai hannu zai warware, Kawu Agali ya riƙe shi ya nuna gabas da haɓa. Hadari ne ya taso, farkon na shekarar, jar iska tana gaba kamar katanga daga ƙasa har sama. Kawu Agali ya ce, "Yanzu kam bar mata shi." Aka rufe murfi, muka cusa kanmu a cikin motar, muka lulluɓe da zannuwa. Duniya ta yi ja, sannan ta yi duhu, rairayi yana dukan ƙarfe kamar ana watsa gero. Ina ƙudundune ina tunanin abu ɗaya: a gabanmu akwai ƙorama, busasshiya ce duk bazara, amma in ruwa ya sauka a kan duwatsu takan cika ta raba mu da Tawa kwana ɗaya ko biyu. In ta riga mu, na gama lakkol ke nan.

Sai ruwa ya tsuge. Da ƙarfinsa ya zo, ya kwantar da ƙurar duka, ƙamshin ƙasa ya cika motar. Baba bai jira ya ɗauke ba, ya fita cikinsa ya ɗaga murfi, ya kira ni in riƙe masa. A kan injin rairayi ya kwanta ko'ina, har cikin kowane lungu, amma da ya warware naɗin ya leƙa bututun, tas yake. Ya dubi abokinsa ya ce, "Ya yi aikinai, mai raƙumi. Na zama ne, ba na gudu ba." Kawu Agali ya kawar da kai don kada ya ga an tuɓe wa tsohuwa amawali a gaban yara, muka fashe da dariya har mushe. Baba ya ce iskar da ruwa ya wanke ba ta bukatar tacewa, ya murza makulli. Gwaggo ta yi wata irin kuwwa da ban taɓa jin ta yi ba, ta zabura a kan jiƙaƙƙen rairayi da baki buɗe.

Muka iso ƙoramar ruwa ya fara gudu, ja, ɗauke da kara da kashin awaki. Baba ya sauka ya taka cikinsa ya ga iyakarsa ƙwauri, ya dawo ya ce mu yi ta salati. A nan na ga tsoro a fuskarsa, kuma daga baya ya gaya mini dalili: ƙura a hankali take kashe inji, ruwa kuwa kurɓa ɗaya ya isa, ga bakin bututun ba shi da nisa da ƙasa. Ya shiga a hankali, ruwa yana dukan ƙasan motar, tayoyi suna sulɓi suna kamawa, ina riƙe da yankin turkuɗin nan ina matse shi har shuni ya gangaro mini a hannu. Muka haye. Da muka waiga daga kan gaɓa, ba a jima ba ruwan ya rufe inda sawunmu yake. Washegari na zauna a kan bencina a Tawa na rubuta jarrabawa da shuɗɗan yatsu, har mai tsaronmu ya zo ya duba ko tawada na zubar. Na ci.

Kafin mu koma gida aka yi wa tukunyar walda. Baba bai tsaya nan ba. Kawu Agali ya ce masa shi a kan raƙumi bai shan ƙurar da mai jaki yake sha, domin ƙura a ƙasa take da kauri. Sai suka sa aka lanƙwasa wani dogon bututu, aka bi da shi gefen gilashi har saman rufi, aka yi masa 'yar hula. Mutanen Affala suka ce Gwaggo ta yi wuyan raƙumi. Na lura da abin da ya biyo baya da idona, tunda ni ke wankin: taɓon da nake kwashewa duk Asabar ya ragu sosai.

Karatun da ya fara daga wannan benci ya kai ni aikin ungozoma, aikin kuma ya kai ni wurare da yawa. A Agadas da Tamanrasat na ga manyan motocin hamada da irin wuyan nan, an ƙera shi tun daga masana'anta. A Bamako na ga direba yana buga matatar takarda a jikin taya yana busa ta, a Lome na ga inda damuwarsu ruwa ce, ba ƙura ba. Ko'ina sai na tsaya na tambaya, da Faransanci ko Larabci ko abin da ya samu, direbobi suna mamakin tsohuwar da ke leƙa musu inji. Kwanan baya jikana ya sayi tsohuwar katkat, ya zauna a tsakar gidana a Tawa yana ta jan allon wayarsa, ga matatar takarda, ga ta auduga da ake wankewa a shafa mai, ga dogon wuya mai ƙoƙo a sama, ya rasa wadda zai zaɓa. Na ce ya fara duba hanyar da zai riƙa bi, sannan ya gaya mini wa zai riƙa buɗe ta yana dubawa. Ya ce gareji mana, Kaka. Gaskiyarsa, yanzu cirewa ake yi a jefar a sa sabuwa, ya fi sauƙi kuma ya fi tsabta, ba yarinyar da za ta ɓata hannunta da taɓo. Sai dai 'yarsa ƙarama tana tsaye a gefe tana kallon motar, ba wanda ya kira ta. Na ce ya tayar da injin, na kama hannunta na kai shi bakin bututun, na jira in ji ƙararta.