Ƙuri'un da Aka Tara wa Sista Dinatu

Duk wanda ya taɓa kai yaro rigakafi a ƙaramin asibitin da ke hanyar Kona a Jalingo ya san Sista Dinatu. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, kuma muryarta kan riga ta shiga ɗaki. Allura take yi, tana awon ciki, tana faɗa da iyayen da suka tsallake ranar dawowa. Wannan shi ne aikin da gwamnati ke biyan ta dominsa. Amma aikin da ya cinye mata rai, wanda ba wanda ya sa ta, shi ne na masu farfaɗiya.

Abin ya samo asali tun tana 'yar firamare. Tana da wa mai suna Tobiya, wanda ciwon ke kayarwa. Wata rana ya je wanki rafi, ya faɗi a ruwan da bai kai gwiwa ba. Akwai mutane a wurin, manya da ƙarfinsu, amma suka tsaya cirko-cirko, don an ce duk wanda kumfar bakin mai farfaɗiya ta taɓa, shi ma ya ɗauka. Kafin a kira babansu daga gona, Tobiya ya sha ruwa ya cika. Har yau idan Dinatu ta tuna ba kuka take yi ba. Haushi take ji, irin wanda ke sa ta daka wa wanda bai yi mata komai ba tsawa.

Da ta kama aiki sai ta fara tara masu ciwon a tsakar gidanta, Asabar ɗin ƙarshen wata. Mata ne yawanci, Kirista da Musulmi, wasu daga unguwar Sarkin Dawaki, wasu har daga Iware suke hawo mota. Sukan shigo ɗaya bayan ɗaya kamar masu zuwa gaisuwa, maƙwabta kuma suka ɗauka ƙungiyar mata ce irin ta biki da suna. Doka ɗaya ce a gidan: abin da aka ji a nan, a nan yake kwana. Dinatu kan nuna musu cewa ciwon ba aljani ba ne, ba ya yaɗuwa, kuma ƙwaya ɗaya a kullum kan kwantar da shi. Matsalar ita ce ƙwayar. Da kaya suka yi tashin gwauron zabi, sai matan suka koma raba ta biyu, wasu suka daina sha gaba ɗaya, ciwon ya dawo musu da ƙarfinsa.

Daga nan Dinatu ta shiga neman tallafi daga ƙasashen waje, kuma wanda bai taɓa wannan nema ba bai san wulaƙanci mai ladabi ba. Wata gidauniya ta ce sai mai digiri na biyu. Wata ta ce matasa take so, alhali Dinatu ta aurar da 'ya. Wata kuma ta buƙaci shaidar cewa an taɓa ba ta tallafi a baya, wato sai wanda ya ƙoshi za a ba tuwo. Sau ɗaya aka kira ta ganawa ta intanet. Ta ɗaura sabon zane, ta zauna gaban waya, Baturiya ta buɗe baki ke nan sai netwok ya ɗauke, fuskarta ta daskare da baki a hangame. Amsar kullum iri ɗaya ce: sun ji daɗin karanta aikinta ƙwarai da gaske, amma masu nema sun yi yawa. Mijinta Ɗanladi, tsohon direba da ya ajiye aiki, har ya haddace. Da ya ga ta ajiye waya da tsaki sai ya ce, "Sun sake jin daɗi ƙwarai da gaske ke nan?"

Shekaru tana wannan fama kafin ta ci karo da wata lambar yabo ta masu kare haƙƙin marasa lafiya, daga wata gidauniya a Turai. Wannan ba ta tambayi digiri ko shekaru ba, kuma kyautar da ke ciki za ta sayi maganin matan duka na tsawon lokaci. Abu ɗaya suke so: gajeren bidiyo, inda wani daga cikin waɗanda ake taimaka wa zai yi magana da bakinsa, fuskarsa a buɗe. A cewarsu, muryar mai ciwo ita ce haƙƙinsa na farko.

Dinatu ta duba matanta kaf, ba ta ga mai baki kamar Kadijatu ba. Kadijatu Bafulatana ce mai sayar da kunun gyaɗa da masa a bakin layinsu a Sarkin Dawaki, kuma da wannan tukunyar take riƙe 'ya'yanta. Ban da matan Asabar, daga mijinta sai mahaifiyarta suka san tana da ciwon. Ta daɗe ba ta faɗi ba, tun da ta riƙe magani. Dinatu ta same ta da rana tsaka tana wanke kofuna.

"Maman Suhail, taimako na zo nema."

Kadijatu ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Sista, useni, don Allah ki rufa mini asiri. Kin san mutanen garin nan. In sun ji, wa zai sake sa bakinsa a kofina?"

"Wa zai gani a nan? Turawa ne za su kalla, can a ƙasarsu. Su ba su san ma inda Jalingo take ba."

"Kin tabbata?"

"Ni ce fa. Na taɓa fitar da maganar wani?"

Ba ta taɓa ba, shi ya sa Kadijatu ta yarda. Aka ɗauki bidiyon a bayan ɗakinta, tukunyar kunu na hayaƙi a gefe. Ta faɗi sunanta, ta faɗi ciwonta, ta ce ita mutum ce kamar kowa, hannun da ke dama kunu ba ya ɗauke da komai sai gyaɗa. Har Dinatu da ke riƙe da wayar sai da idonta ya cika.

Wannan karon ba a ce an ji daɗi ƙwarai da gaske ba. An ce ta shiga zagayen ƙarshe, ita da wasu 'yan kaɗan daga ƙasashe daban-daban, kuma jama'a ne za su zaɓi gwani ta hanyar jefa ƙuri'a a intanet. Dinatu ta karanta wannan, ba wai ba ta gani ba. Amma da aka ce jama'a, ita jama'ar can ta hango, tsofaffin Turawa masu tabarau zaune a ɗakunansu. Ba ta gaya wa kowa ba sai Ɗanladi, ta ci gaba da yi wa yara allura.

Ranar Lahadi bayan sujada a coci, matan zumunta suka tsaya taro kamar kullum. Mama Keziah, shugabarsu, ƙawar Dinatu tun suna 'yan mata, ta miƙe da waya a sama tana rangaɗa guɗa, tana nuna Dinatu.

"Ku tafa wa Maman Noah! Ashe yarinyan nan ya kai Turai bai gaya mana ba! Ɗana na Abuja ne ya gani a Fesbuk ya turo mini. An ce kowa ya danna ya zaɓa. Taraba ba za ta ji kunya ba!"

Dinatu ta kama hannun Keziah ta ce, "Mama Zumunta, don Allah kar ki tura wa kowa."

"Haba, wane irin kunya ne wannan? Tun jiya na tura. Na sa a gurup na zumunta, na sa a na 'yan kasuwa, maigida ya sa a na tsofaffin ɗalibai. Abin alheri ake ɓoyewa?"

Ba mugunta a ciki ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Dinatu rai, don ba ta da wanda za ta zaga. Gari ya tashi tsaye saboda 'yarsa. Malaman makaranta suka zaɓa, 'yan Keke suka zaɓa, masu shago suka karɓi wayoyin kwastomomi suna danna musu. Wanda bai taɓa gaishe ta ba ya tsayar da ita a hanya yana cewa ya jefa mata. Ƙuri'unta suka yi ta hawa har ta wuce wani likita daga wata babbar ƙasa. Kuma duk wanda ya danna, sai ya kalli fuskar Kadijatu tukuna, ya ji ta ambaci ciwonta, ya gane tukunyar.

Labari ya fara iso wa Dinatu a bakin matan Asabar. An ce layin masu sayen kunu ya ragu. An ce wata ta zo da kofinta daga gida, washegari ba ta zo ba sam. An ce yara sun fara kiran Suhail da sunan ciwon uwarsa. Waɗanda suka yi wa Dinatu ƙuri'a da yamma su ne suka tsallaka titi da safe suka sayi koko a wani wuri, kuma ba su ga wani saɓani a ciki ba. Dinatu ta kasa taka ƙafa zuwa Sarkin Dawaki. Matar da ba ta tsoron shugaban asibiti, sai ga ta tana canja hanya don kar ta bi ta bakin layin.

Ta rubuta wa gidauniyar cewa a sauke bidiyon. Amsar farko na'ura ce ta ba ta, wai ma'aikaciyar tana hutu. Ta sake rubutawa, ta sake, tana dukan waya kamar wayar ce ta yi laifin. Da amsa ta zo daga ƙarshe, da ladabinta ta zo. Sun yi baƙin ciki ƙwarai da gaske, sun ce, kuma za su sauke nan take. Sai dai bisa ƙa'ida, wanda ba shi da bidiyo ba ya cikin gasa. A lokacin ita ce a gaba, kuma saura ƙiris a rufe zaɓe.

Ɗanladi bai yi zolaya ba ranar. Ya ce, "Maman Noah, ki je ki tambayi mai ita tukuna. Fuskarta ce."

"In tambaye ta me? Na cuce ta, sannan in je in ce ta ƙara haƙuri in karɓi lambar yabo a kanta? Wallahi ba zan ci wannan ba."

Ta ce a sauke, aka sauke. Sai a lokacin ta ji tana da abin da za ta riƙe a hannu ta je da shi.

Ta isa da hantsi, lokacin da a da ba a samun wurin tsayawa. Bencin babu kowa. Kunu ya yi fata a tukunya, masa ta huce a faranti, Kadijatu na zaune tana korar ƙuda da murfin roba. Ba ta ɗaga murya ba, har tabarma ta miƙa mata. Dinatu ta ƙi zama, ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi wa wanda ta girma ba.

"Maman Suhail, na yi miki laifin da ba shi da suna. Amma na sa an cire shi. Na fita daga gasar ma gaba ɗaya, na bar musu kayansu."

Kadijatu ta daina kaɗa murfin. "Kin fita?"

"Na fita."

"An ce ke ce a gaba."

"Ni ce."

"To maganin fa?"

Kadijatu ta ajiye murfin, ta ci gaba.

"Sista, bidiyon nan yana cikin wayar kowa a layin nan. Jiya ma a gidan suna aka nuna wa ƙanwar mijina. Wa kika cire wa? Turawan?" "Kullum ina zaune a nan ina kallon mutane suna wuce ni, ina ce wa zuciyata, Kadija yi haƙuri, kunu ya tafi amma magani zai zo, naki da na sauran. Da wannan nake tashi da safe in hura wuta. Da za ki sa fuskata, kin zo kin roƙe ni. Da za ki zubar da abin da na saya da ita, ba ki ga ya kamata ki tambaye ni ba?"

Kadijatu ta miƙe, ta ɗauki tsumma ta kama kunnuwan tukunyar da ke cike har wuya.

"Matsa mini, Sista," ta ce. "Zan kai wa awaki."