Ranar da na fitar da ɗiyata daga aji domin shuka

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gabi, karatuna ya tsaya a aji shida na lekol, wato firamare. A shekarun da nake magana, gidana yana tafiya ne bisa tsari, kuma ba a ja da ni. Da fari salla, sannan gona, sannan duk abin da ya rage. Babbar dokata ita ce, ranar da ruwan shuka ya sauka kowa zai fito gandu. Ni ke gaba da sungumi ina sara, babbar ɗiyata na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Haka muke tun tana ƙarama.

Shekarar da ta kai ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, tana zaune wurin ƙanwata a Madarunfa. Ba ta da hutu, ko ta zo gida da takardu take cin tuwo. Sai ruwa ya sauka ana saura kwanaki kaɗan jarrabawar bak, wadda ita ce ƙofar jami'a. Na aika a taho da ita. Ƙanwata ta kira ni tana roƙo, ta ce malamai na yi musu bitar ƙarshe. Na ce laima ba ta jiran malami.

Yarinyar ta zo ba ta yi musu ba. A wuni na biyu na waiwaya, na hango ta can baya a tsaye, ƙoƙon iri a hannu, ido a rufe, tana maimaita darasi. Ramukan da na sara duk sun fara bushewa. Na daka mata tsawa gaban ƙannenta har ta yi kuka. Nan uwarta, wadda ba ta taɓa ƙetare maganata ba, ta karɓe ƙoƙon. Ta ce da ni, malam, iri ko ita ta iya zubawa, amma in nuna mata wanda zai shiga ɗakin jarrabawa a madadin yarinya tsakanin ni da ita. Kafin azahar na ɗora ɗiyata bisa kabu-kabu ta koma Madarunfa.

Sakamakon farko ya fito ba ta haye ba, sai dai an ba ta damar zagaye na biyu. Makin da ya rage mata kaɗan ne, kuma na san inda ya salwanta. A kwanakin nan na hana kowa kiranta, ko da akuya ce ta ɓata. Ranar da ƙanwata ta kira tana guɗa cewa yarinya ta haye, ina tsakiyar noma. Na yar da hauya na yi sujada a cikin gero.

Bayan girbi na raka ta tashar Maradi za ta jami'a a Yamai. Cikin kayanta akwai garin geron gonar nan. Ta yi dariya ta ce, baba, ai rabin layukan da ta shuka babu kome. Na ce uwarta ta cike su, kuma sun fi nawa zangarniya.

Ga abin da na koya, iyaye ƴan uwana. Na farko, in ɗanka na shekarar ƙarshe, cire sunansa daga aikin gandu tun kafin hadari ya taso. Na biyu, saurari matarka kafin ka aika. Har yau ni ke gaba da sungumi, amma wanda duk ke da jarrabawa a gidana, ba ya taɓa ƙoƙon iri.