Wa Zai Shaida Mini Shamuwa?

Shekara tara ke nan da muka kai Isuhu mai asuwaki makwancinsa. Na so bana ma ta wuce shiru kamar sauran, domin ni direban tasi ne, kuma Hausata ta haifaffen Makka ce, sai an tsince ta daga cikin Larabci. Amma wani abu ya same ni a bakin teku bayan ruwan da aka yi kwanakin baya, na duba gabas da yamma ban ga wanda zai shaida mini ba. Shi ya sa na zo gare ku.

Isuhu Badamagare ne. Yana saurayi ya baro gida, ya bi ta Chadi da Sudan, yana tafiya yana tsayawa neman guzuri, har Allah ya kawo shi. Bai sake komawa ba, don takardunsa ba su taɓa yin ƙarfin da zai fita ya dawo ba. A Hindawiyya na san shi, zaune kan tabarma a ƙofar masallacin unguwarmu, da daman asuwaki a gabansa da 'yar wuƙa. Ni kuwa iyayena Kanawa ne, nan aka haife ni, ban taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kun san tsakanin Bakano da Badamagare. Ranar da ya ji asalina ya sami abin yi, ya raɗa mini suna Bakanon da bai ga Dala ba, kuma da sunan nan ya kira ni har ya koma ga Allah. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, Yaya nake ce masa, sai in ya ishe ni in ce masa bawan Kanawa.

Sana'arsa ce ta haɗa mu. A cikin iyakar Harami ba a cire tsiro, ba a firgita dabbar dawa, ko tattabarar da ta sauka kan motarka sai dai ka jira ta ga dama. Saboda haka mai neman saiwar arak, itacen da ake yin asuwaki da shi, dole ya fita waje. Mukan tashi bayan asuba mu kama hanyar Shu'aiba, mu wuce ta kudu, inda kwaruruka ke gangarowa daga duwatsu su ɓace cikin rairayin bakin teku. Muddin ba mu wuce alamar iyaka ba, hannuwansa na kan cinyarsa, ido kawai yake aiki. Yakan ce Makka ce ta koya masa kallo, don a gida in yaro ya ga abu hannunsa ne ke fara zuwa, nan kuwa sai ka tsaya ka duba, ka tafi ka bar shi yadda ka same shi.

Yana da wata doka da ta fi ƙarfin lallashi. Ba ya kiran abu da sunansa sai mutum biyu sun gani sun yarda. In ya tono saiwa, zai kankare ta, ya shinshina, ya tauna, sannan ya miƙo mini. Sai na ji yajin nan mai hawa hanci na ce arak ne, kana ya sa ta a buhu, ya mayar da ƙasa ya rufe ramin don itacen ya rayu. Farko abin ya riƙa ba ni haushi. Mutumin da ya fi shekara talatin yana tono, me zai yi da hancin direba? Ya ce mini abin nan bakin Musulmi zai shiga kafin salla, ga tumfafiya tana tsirowa kusa da shi, kama da wane kuma ba ta wane. Watan Salla ma, da girmansa, sai da shaida biyu ake yarda ya tsaya.

Daga saiwa dokar ta bazu ta hau kan komai. In mun gama tono mukan gangara bakin ruwa mu dafa shayi, nan makaranta ke buɗewa. Shi ya nuna mini filasko, ya ce ita ce sanamakin da ake ta yi wa kirari a kantunan magani. Ya nuna mini kurna da aduwa da tsaida mai huda tayar keke, kowanne da sunan gida da na Larabawa. Wanda ba shi da sunan gida ba ya ƙaƙaba masa. Itacen nan da ke tsaye cikin ruwan gishiri, wanda masunta ke kira shura, ya sa na lashi bayan ganyensa na ji gishiri, ya nuna mini saiwoyinsa da suka tsattsago daga laka sama kamar an kakkafa turaku, ya ce wannan ba namu ba ne, mu bar masa sunan da masu shi suka ba shi. Ƙadangaren nan mai ƙayar wutsiya da Larabawa ke ci, na ce damo ne. Ya ce a'a, ƙila dai dangi ne, amma wutsiyar damo bulala ce, wannan kuwa zarto. Mun shekara muna musu kan zalɓe fari da zalɓe mai ruwan toka kafin mu yarda tsuntsu ɗaya ne da riga biyu, don a sheƙa ɗaya muka same su. Akwai kuma ƙaguwar da ke haƙa rami ta tara ƙasar a gefe, tsibi mai tsini. Duk ranar da ya gani sai ya taɓa ni ya ce, "Shuf, duba nan Bakano, ga dalar gyaɗarku. Ka gani ka huta, ba sai ka tahi Kano ba."

Amma duk wannan kallon, abu ɗaya yake nema. Shamuwa. Ni ban san ta ba sai a bakinsa. Ya ce a garinsu ita ke riga ruwa zuwa, ta yi sheƙa a bishiyar tsakar gida, ba mai jifanta, in ta sauka manoma su fara gyaran garma. Yana yaro ya tambayi mahaifiyarsa ina take zuwa in kaka ta yi, ta ce masa gabas take yi, aikin hajji take tafiya. Ranar da zai baro gida tsohuwar ta ce masa in ya isa ya gaida mata shamuwa. Wasa take yi don kada ta yi kuka, shi ma ya sani. Labarin rasuwarta ya same shi a nan, bayan an daɗe da share makoki. Tun daga nan saƙon ya daina zama wasa. Wani masunci mutumin kudancin ƙasar nan ya taɓa ce masa can wajensu akwai baƙin tsuntsu mai sheƙa kan rufin ɗaki, sai Isuhu ya riƙe maganar kamar igiyar rijiya.

Ya siffanta mini ita har na haddace. Baƙa ce, daga ƙirji zuwa ƙasa fari, ba ta kai girman manyan dogayen tsuntsayen ruwa ba. Bakinta ba ja ba ne. Ƙafafunta ruwan toka, amma gwiwoyi da yatsu ja, kamar ta durƙusa cikin lalle ta kuma taka shi.

A shekararsa ta ƙarshe idonsa ya yi rauni, ni na zama idonsa. Wata safiya muna zaune sai ga wani baƙin tsuntsu ya sauka can bakin wata fadama. Isuhu ya miƙe tsaye, kofin shayi ya faɗi. Baƙi da fari kawai yake iya rarrabewa daga nan, kuma su ɗin ya gani. Ya kama hannuna.

"Duba mini ƙafar, ya sheikh. Gwiwa ce ja, ko duka?"

Na duba na sake dubawa. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da abin da ya kwashe rayuwarsa yana jira, kuma ba wanda zai taɓa ƙaryata ni. Wallahi na so in faɗe ta.

"Duka ja ne, Yaya. Har bakin."

Ya saki hannuna. Sannan ya sunkuya ya lalubo kofinsa, ya kaɗe masa ƙasa. Ya ce, "Tayyib, shi ke nan. Ba ita ba ce." Muna hanyar komawa, har mun kusa alamar iyaka, sannan ya sake magana. Ya ce da na ce masa ita ce, da ya ji a muryata, kuma da ya rasa abu biyu a rana ɗaya, shamuwar da kuma amanata. Bai kai wani hunturun ba.

Yau in na bi hanyar nan nakan tambayi kaina me zai ce. An rushe wasu lungunan unguwarmu, wurin tabarmarsa ya zama wurin ajiye motoci. Asuwaki yanzu a leda yake zuwa, an yanke shi tsawo ɗaya, an rubuta masa suna, mai sayarwa bai taɓa ganin itacen ba. An hana tono barkatai, kuma na san wannan zai yi masa daɗi ko da ya taɓa abincinsa, don ya sha zagin masu tuge itace gaba ɗaya. An daddasa sabbin shura a wasu wurare, wannan ma zai sa albarka. Amma an kewaye wuraren da muke shan shayi da waya, inda ba a kewaye ba kuma leda ta rataye a kowace ƙaya. Yara sun nuna mini yadda za ka ɗauki hoton ganye waya ta faɗa maka sunansa nan take. Na gwada, takan dace. Sai dai ina jin muryarsa yana tambaya ko wayar tana da hanci, kuma in ta yi kuskure wa zai ji a muryarta.

Ban daina zuwa ba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ni kuma na amsa sunan. Nakan tafi ni kaɗai, in dafa shayin mutum ɗaya, in zauna. Kaɗaici a cikin Makka abin mamaki ne, garin da duniya duka ke zuwa. Ina ɗaukar mutane daga unguwar Aziziyya zuwa Harami har kunnena ya gaji da harsuna, amma babu ko ɗaya da zan ce wa ƙaguwa ta yi gini ya san abin da nake nufi. A bakin teku aƙalla shirun na gaskiya ne.

To, bayan ruwan nan na kwanakin baya, kwarin da muke tono ya yi kore, fara ta fito. Na tsayar da mota ban ma kashe ta ba, sai na hango su. Uku ne, suna takawa cikin ciyawa suna tsintar fara. Baƙaƙe, ciki fari. Na fito a hankali, na bar ƙofa a buɗe don kada ƙararta ta kore su. Na dubi baki, ba ja ba ne. Na dubi ƙafa, ruwan toka. Da ta kusa da ni ta ɗaga ƙafa za ta taka, na ga gwiwar, na ga yatsun.

Ban san lokacin da na juya dama na ce, "Yaya, duba!" ba. Babu kowa sai buta da tabarma a kujerar motar. Na tsufa, ba na jin kunyar faɗa muku na yi kuka a wurin kamar ranar da aka binne shi. Kafin in tuna da waya sun tashi, abin da na samu a hoton ɗigo uku ne a sama, ko hankaki aka ce ba mai musu.

Na tafi wajen matarsa, Hajiya Rabi, wadda ke zaune yanzu gidan 'yarta. Ita kaɗai ta rage mini a cikin waɗanda suka girma a ƙarƙashin sheƙar shamuwa, sai dai yanar ido ta rufe mata gani. Na ba ta labari tun daga farko. Ta sa na maimaita mata zancen gwiwar. Ta ja carbinta, sannan ta ce, "Siffar dai tata ce, ɗan Kano. Amma ka san mutumin naka. Ni ban gani ba, ba zan shaida ba. Kada mu yi masa abin da bai yarda da shi ba yana raye."

Na ji zafi, amma na fito ina ganin girmanta. Gaskiyarta ne.

Me ya rage na Isuhu? Bai bar gida ba, bai bar kanti ba. Kabarinsa irin na Makka ne, ba suna ba alama, ko ni da na sa shi a ciki ba zan iya nuna muku shi ba. Asuwakan da ya sayar an tauna an zubar tun tuni. Abin da ya bari shi ne wannan linzamin da ke bakina da bakin matarsa, wanda ya hana mu faɗin abin da muke matuƙar son ya zama gaskiya. Na ɗauka gado mai sauƙi ne, sai yanzu na ji nauyinsa. Ina riƙe da gaisuwar wata tsohuwa da ban taɓa gani ba, na tsaya gaban waɗanda nake zaton su ne masu saƙon, kuma ban isar ba, don ba ni da ikon kiran sunansu.

Saboda haka in akwai wani a garin nan, mazauni ko baƙon Allah da ya zo umara, wanda shamuwa ta taɓa yin sheƙa a gidansu, ya tambayi tsohon direban nan na Hindawiyya mai zuwa bakin teku ba fasinja. Ciyawar ba ta bushe ba tukuna, ƙila su dawo. Kujerar dama babu kowa, kuma na sayi kofi na biyu. Kafin nan, duk wanda ya tambaye ni abin da na gani, zan ce masa na ga wasu tsuntsaye uku. Allah ya jiƙan Isuhu, ya jiƙan mahaifiyarsa, ya sa sun haɗu inda ba a bukatar aike.