Ranar da aka zo yi wa gidan Tela kuɗi

'Yar kawuna, wadda duk dangi ke kira Tela, shekara goma sha tara tana ɗinkin labule a wani shago da ko kyanwa sai ta shiga da baya. Da keken ɗinkinta ta sayi gida mai ɗaki biyar ta zuba 'yan haya. Ni da muka tashi tare har yau katifa ce kawai dukiyata, ita ma rabinta na ƙwari ne.

Bara wani otal ya ba ta aikin labulen taga ɗari da ashirin, wata biyu kacal. Kekenta kuwa ya girmi mijinta, tari yake kafin ya yi ɗinki. Sai ta nufi banki ta jinginar da gidan hayar, a ba ta kuɗin babban keke mai lantarki.

Ma'aikacin bankin ya nemi takardar albashi. Ta ce ita ke biyan kanta. Ya tambaye ta wa zai shaida, ta ce ita. Ya cire tabarau ya goge, ya ce to za a turo mai kimanta gida, abin da ya rubuta shi ne magana.

Nan girman kai ya kayar da ita. Tela ba ta so 'yan haya su ji uwar gida na neman rance, sai ta ce musu injiniya ne zai zo duba inda ke buƙatar gyara.

Mutanen da suka shekara shida suna roƙon a taɓa musu rufi. Na raka ta ranar da mutumin ya zo, na ga biki. Direba ya fasa fita aiki. Malamar makaranta ta zo da jerin ɓarna shafi biyu, har da lamba. Tsohon da ke ɗakin ƙarshe ya janye kabad ɗin da Tela da kanta ta tura ta rufe tsaga, ya zura hannu har gwiwar hannu.

"Ranka ya daɗe, ta nan nake gaisawa da maƙwabci," in ji shi.

Tela na ta tari tana harararsa, shi kuma ya kawo mata ruwa. Na ce mata a hankali, "Hajiya uwar gida, ko in nuna masa banɗaki?" Takun da ta yi mini har yau yatsan bai dawo daidai ba.

Banki ya yanke kusan rabin abin da ta nema, kuma ya ce ba ko kwabo sai an gyara rufi. Ta sayar da 'yan kunnenta aka hau sama. Kafin kuɗi su fito wata guda ya tafi, ta sayi keke na hannu da wani ya gama morewa, ta raba aikin da wata tela da ba sa ko gaisawa. Labule ya isa otal ranar ƙarshe, riba an raba biyu.

'Yan haya kuwa sun haɗa kuɗi sun saya wa injiniya turare. Ita suka ba ta kai masa.