Abin da Ya Rage a Bakin Yaya Habu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Habu, a wani asibiti da ke unguwar Tianhe a nan Guangzhou, ƙasar China. Mutane kan ce da daɗewa zuciya takan yi sanyi. Tawa ta yi sanyi a kan rashinsa, amma akwai tambaya ɗaya da ta ƙi barina, kuma bana ta fi kowace shekara damuna: da me yayana ya cika?

Masu karatu da suka san shi sun san shi ne a matsayin ejan a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, mai yi wa 'yan kasuwarmu lodin kwantena zuwa gida. Kaɗan ne suka san tun yana saurayi an tura shi ƙasar Denmark koyon kiwon shanun madara. Ya yi 'yan shekaru can ya dawo. Saniya dai bai taɓa kiwata ko ɗaya ba, abin da ya dawo da shi shi ne akwatin kaset da harshen mutanen, wanda ya ce bai koye shi a aji ba. A wurin mawaƙansu masu jita da ganga ya tsince shi, yana bin baiti yana maimaitawa har bakinsa ya faɗa.

Ni kuwa mai sarin jakunkuna ne a kasuwar Shiling, kuma duk ranar da motarsa ta kai ni sai na sha darasi. Ya ce da farko samarin Denmark Turanci suke rerawa, suna kwaikwayon na Ingila, don a ganinsu harshensu ba ya hawa irin wannan kiɗa. Daga baya wasu suka yi ta maza suka koma rerawa da yaren titi, irin wanda direba da lebura ke yi, sai ƙasar ta rungume su. Aka jima kuma wasu suka sake komawa Turanci don su ci kasuwar waje, tunda mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su kai na jihar Kano ba. Irin waɗannan na ƙarshen ne ake sakawa a shagunan Guangzhou, waƙoƙi masu taushi da 'yan China ke so. In muka shiga shago ana kaɗa ɗaya sai ya tsaya ya tare mai shagon: "Lauban, ka san 'yan ina ne waɗannan?" Lauban shi ne maigida a bakinsu. Mutumin ya ce Amurka. Yaya Habu ya girgiza kai cikin jin daɗi, ni ina tsaye da samfurin jaka a hannu, ciniki yana wucewa.

Shi dai na harshen gida yake so. Nakan tsokane shi in ce yaren nan kamar mutum na magana da tuwo mai zafi a baki. Yakan ce, "Kai dai ba ka da kunne, Sale. Ba sa ƙarasa kalma ne saboda sun yarda da juna." Mutum ne mai sallah a kan lokaci, ba ya wasa da azumin nafila, amma daga ya kama sitiyari bakinsa ba ya hutawa.

Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a wurin lodi. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da maganarsa. Hausa ta tafi, Turancin aiki ya tafi, ɗan yaren China na ciniki ya tafi. Zai dube ka, ka ga ya gane ka sarai, ya buɗe baki, sai iska. Mukan zauna gefensa mu da Alhaji Iliya, wani dattijo ɗan Maraɗi da suka daɗe suna hulɗa, muna laƙƙana masa kalmar shahada a hankali kamar yadda aka koya mana. Yakan yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, hawaye ya zubo, ba abin da ke fita.

Ana cikin haka wata rana da hantsi, ba wanda ya taɓa shi, sai muka ji murya. Waƙa ce ta Denmark, ɗaya daga tsofaffin nan na cikin mota, baiti bayan baiti, kalmomin suna fita tiryan-tiryan daga bakin da ya kasa kiran sunana. Na fara murna, sai na ga fuskar Alhaji Iliya, murnar ta koma ciki.

"Subhanallahi," in ji shi. "Malam Sale, mutum na bakin kabari da waƙar Nasara? Ka tsai da shi."

Na dafa kafaɗarsa na ce, "Yaya, bari wannan. Ce la'ilaha illallahu." Ya daina waƙar, ya yi ta motsa leɓe a banza. Tsoron da ya kama ni a ranar ban taɓa jin irinsa ba, don na ga abin da mutum ya cika kunnensa da shi yana neman ya riga kalma zuwa bakinsa.

Likitarsa, wata mata mai haƙuri da tambayoyinmu, ta yi mana bayani ta wayar da ke fassara. Ta ce magana da waƙa ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba. Ana samun wanda maganarsa ta tafi amma abin da ya saba rerawa yana nan. Ba zaɓa ya yi ba, abin da ya rage masa ke nan. Alhaji Iliya ya juyo gare ni. Ya tambaye ni ko a gidanmu ana zikirin Juma'a. Na ce mahaifinmu tun muna yara yake jan mu zuwa zawiyya.

Dattijon nan, wanda ɗazu ya ce a tsai da waƙa, shi ya gyara zama ya fara hailala da karin da ake yin ta a da'ira, yana jan ta yana sauke ta, yana buga cinyarsa a hankali. Na bi shi. Ba mu yi nisa ba murya ta uku ta shigo. Karin dai babu shakka, nasa ne, daidai da namu. Alhaji Iliya ya rantse har ya koma ga Allah cewa ya ji kalmomin ma. Ni na fi shi kusa da bakin, kuma gaskiyar da zan iya faɗa ita ce na ji wani abu mai kama da su.

Daga ranar kullum sai mun yi. Wani lokaci ya bi mu, wani lokaci muna tsayawa ya zarce da tasa ta Denmark. Ya rasu da safe, ina kan hanya daga masauki, Alhaji Iliya ya fita alwala. Ma'aikaciyar jinyar da ke ɗakin ta ce yana rera wani abu ƙasa-ƙasa har numfashinsa ya tsaya. Na roƙe ta ta gaya min wanne. Na rera mata wannan, na rera mata wancan, a tsakiyar baranda, mutane na kallona. Ta ba ni haƙuri, ta ce a kunnenta duk ɗaya ne.

Da na kira mahaifiyarmu, Hajiya, a Kano, bayan ta yi salati abin da ta fara tambaya shi ne, "Ya samu kalma?" Na ba ta labarin yadda yake, ban ƙara ba ban rage ba. Sai ta ce, "To su mutanen can, a waƙarsu suna ambaton Allah?" Na ce ban sani ba, Hajiya. Malamai da dama sun gaya min Allah na duba zuciya, kuma ba ya kama bawa da abin da ciwo ya ƙwace masa. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Sai dai yarda daban, kwanciyar hankali daban, kuma ta biyun ba kullum nake samunta ba.

Da yana raye yau, na san zai yi ta cika baki. Ɗansa, wanda ya gaji kunnen uban, ya nuna min a waya cewa yanzu matasan Denmark da yawa sun koma rerawa da harshensu, har da 'ya'yan baƙi da aka haifa can, kuma ana cika fili don jin su. Zai ce, "Ban gaya maka ba, Sale?" Zai kuma yi min dariya in ya ji abin da ke cikin nawa kan. Don na zauna na bincika, na tarar ba abin da ke yawo a ciki sai muryar lasifikar da ke kiran farashi a Shiling da sanarwar tashoshin jirgin ƙasa. Shi aƙalla abin da ya rage masa abu ne da ya so.

Abin da ya sa bana tambayar nan ta fi tsanani shi ne watan jiya likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, kuma na kai shekarun da Yaya ya faɗi. Kwantenonin da ya loda an daɗe da sayar da kayansu, kaset ɗinsa babu na'urar da za ta kaɗa su. Abin da ya bar min shi ne sanin cewa ranar da harshe zai ƙi, ba abin da ka sani ne zai fito ba, sai abin da ka saba rerawa. Shi ya sa yanzu in na kama hanyar Shiling nake hailala da ƙarfi, da karinta, direba na leƙena ta madubi.

Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya sa abin da nake fata shi ne ya faru. Matata kuwa na zaunar da ita na yi mata wasiyya, ta ce in daina yi wa kaina mugun baki, na ce ta dai riƙe. In na faɗi, kada ku tsaya kuna faɗa min kalma, ku rera min ita. Kuma ko alwala za a fita, a bar min mutum ɗaya a ɗakin wanda zai gane abin da ya ji.